Gefen Hagun Auta

Asabar, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Shida da nema. A filinmu.

Na rubuta na sake dubawa, har yanzu shida ce. Ina zaune a sito, kwandon riguna yana gabana ban taɓa shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina wanke wa kulob ɗin nan jesi ina gogewa. Na ga an ci mu uku, na ga huɗu ranar da muka faɗo rukuni na uku, amma ban taɓa ganin shida ba. Kuma ƙungiyar wani kamfanin fenti ce ta yi mana, wadda ko shekara biyar ba ta yi da kafuwa ba. Mu shekararmu tamanin da ɗaya. Kofunanmu sun cika kabad biyu a ofis, ni nake share musu ƙura.

Ƙanena ne a raga. Auta.

Da aka ci ta huɗu wani ya ɗaga murya daga bayan raga ya ce, "Nawa suka ba ka?" Kafin ta biyar duk ɓangaren ya ɗauka. Baba yana zaune a tsakiyarsu, a kujerar da yake zama kullum. Shekara goma sha huɗu ya tsare wannan ragar, har yau Kwaɗo tsofaffi suke ce masa, wai in ya kulle babu makulli. Bai juya ba. Sai da fili ya watse ya ɗauki sandarsa.

Wasa huɗu suka rage. Ƙasa da rukuni na uku babu komai sai ƙwallon unguwa.

Lahadi, 4 ga wata, da hantsi

Jesin Auta ne mafi tsabta a kwandon. Ko faɗuwa bai yi ba.

Talata, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An rubuta abu da fenti a ƙofar gidan Auta. Ba zan maimaita ba. Ni da matarsa muka goge da kananzir, maƙwabta suna leƙe ta taga. Mai shagon da ya saba kiransa "Golanmu" ya shige ciki da ya hango mu.

Ciyaman ya kafa kwamiti. Wai an ga Auta a tashar mota kwana biyu kafin wasa, ya shiga motar da ke zuwa garin 'yan fentin. An tambaye shi me ya kai shi, ya ce harkarsa ce. Na tare shi a ƙofar ɗakin canza kaya.

"Auta, ka faɗa musu inda ka je mana."

"Yaya, safata ta bushe?"

"Ina maka magana."

"Na ji. Ta bushe?"

Yaron da na goya. Tun yana shekara shida in ya yi ƙarya kunnensa yake sosawa. Na tsaya ina kallon hannunsa, bai sosa ba. Ban san ko in ji daɗi ko in ji tsoro ba.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Matarsa ta zo sito, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan buhun ƙwallaye tana wasa da zoben hannunta.

Ta ce ya ajiye babur ɗinsa wata biyu ke nan, wai ya fi son tafiyar ƙafa. Ta ce sau uku yana buga kafaɗa a ƙofar banɗaki. Jiya ya zo zuba shayi ya zuba a kan tebur, kofin yana nan gefe, sai ya yi dariya ya ce barci ne.

"Yaya, ko dai wani abu yake sha? Ki faɗa min gaskiya, ke ce kike ganinsa a nan."

Na ce mata Auta ko maganin mura sai an yi faɗa yake sha. Ta ce to mene ne. Na ce ban sani ba. A lokacin da gaske ban sani ba.

Asabar, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma, a cikin bas

Mun ci ɗaya da nema a waje. Auta ya tare fenariti.

Yara suna waƙa suna buga jikin mota. Dogo, golanmu na biyu da ya shekara bakwai a benci har ya ce zai nemi a rubuta masa takardar mallakar wurin, ya ɗauki Auta a kafaɗa. Na yi ta kuka kamar wawuya. Na ce ashe ranar nan tsautsayi ne kawai.

Abu ɗaya dai. Koci ya mai da Kyaftin gefen hagu na baya, mutumin da tun da na san shi a dama yake. Duk wasan yana manne da turken raga yana ihu, "Hagu, gola, hagu." Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Litinin, 12 ga wata, da safe

Baba bai yi murna ba. Na kai masa labarin fenaritin, ya ce, "Ta wane gefe aka buga?" Na ce dama. Ya ce, "To."

Laraba, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma



Auta ya shigo sito bayan tirenin ya zauna a benci yana kwance takalmi. Ina tsaye a gefensa, kusa, in na miƙa hannu zan taɓa kunnensa. Na miƙa masa safar hannunsa. Na riƙe ta a nan daidai fuskarsa. Bai karɓa ba. Na girgiza ta. Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, can ɗaya gefen, ya ƙwala kira, "Yaya, kina ina ne? Safata."

Ina tsaye a hagunsa.

Ban motsa ba. Ya sake kira. Da ya juyo gaba ɗaya ya gan ni, sai ya dubi safar, ya dubi fuskata, ya ci gaba da kwance takalmin da ya riga ya kwance.

Ba zan rubuta sunan abin ba.

Alhamis, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ya zo da kansa, ya tura ƙofa ya sa sakata.

Ya ce tun wasan zagayen farko abin ya fara, ranar da gwiwar wani ta same shi a fuska ya tashi ya ci gaba muka tafa masa. Ya ce da farko walƙiya yake gani, sai wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo, sai kamar ana jan labule daga gefe a hankali. Kullum labulen yana ƙara matsowa. Babban likitan ido a garin 'yan fentin yake. Can ya je.

"Me ya ce?"

"Ya ce aiki."

"Yaushe?"

"Ya ce da tun jiya ne."

Likitan ya kuma ce kada wani abu ya sake bugun kansa. Gola. Kada wani abu ya bugi kansa.

Na ce gobe zan je wurin Ciyaman. Ya tsugunna a gabana, ƙaton mutum, ya riƙe min gefen zane.

"Wasa uku ne, Yaya. Maki huɗu muke nema. In na faɗa yau, gobe an karɓe min katin wasa. Dogo za a sa? Ke ma kin san Dogo. A hannuna za a ce kulob ɗin Baba ya mutu?"

"Gara a ce ka sayar?"

"Wannan bayan wasa uku sai in wanke. In muka faɗi ƙasa, wa zai wanke?"

Ya ce in rantse ba zan faɗa wa Baba ba. Ban rantse ba. Na ce to. Shi ya ɗauka ɗaya ne.

Juma'a, 16 ga wata, da yamma

Na goge masa jesi. Na ninke. Na ajiye a ƙugiyarsa. Ni da hannuna.

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Ɗaya da ɗaya.

Ban san yadda aka ci tamu ba, ban kalli can ba ko sau ɗaya. Shi nake kallo. Duk kwanar da za a buga sai in miƙe tsaye. Minti na saba'in ya fita zai naushi ƙwallo, ɗan gabansu ya taso ta inda ba ya tsammani, suka haɗu a sama. Ya faɗi. Na ji ƙarar daga benci.

Ban san na shiga fili ba sai da lafari ya tare ni da hannu yana cewa, "Ke, ina za ki?" Da bokitin ruwa a hannuna, takalmi ƙafa ɗaya. Mutane suka yi ta dariya. Auta ya tashi, ya ɗaga min babban yatsa. Kafaɗa ce ta bugu, ba kai ba. Tsakanin kafaɗa da kai nawa ne?

Bayan wasa waɗanda suka rubuta masa abu a ƙofa suna kiran sunansa. Saura maki uku.

Litinin, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Kwamiti ya kira ni. Ciyaman, Sakatare da wani lauya mai tabarau, a ofis ɗin kofuna. Ba su ce in zauna ba.

Ko na taɓa ganin baƙuwar fuska a sito? A'a. Ko yana fita waje in zai amsa waya? A'a. Ko na san abin da ya kai shi garin nan?

Na tsaya ina kallon babban kofin da hoton Baba yake jingine da shi. Akwai tsatsa a hannun kofin, ban lura ba sai yau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena bai sayar da wasa ba."

Lauya ya ce ba abin da aka tambaye ni ke nan ba.

Na ce, "Shi na sani."

Ciyaman ya ce za su jira a gama kaka kafin su yanke hukunci, tunda yanzu yana kamawa. Tunda yanzu yana kamawa. Haka ya faɗa.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na sami Koci shi kaɗai yana jera robobin tirenin a fili. Na ce ina da magana a kan Auta, maganar lafiya ce. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na sani."

Na zaci ban ji daidai ba.

"Tun yaushe, Koci?"

"Kin ɗauka don nishaɗi na mai da Kyaftin hagu? Tun kafin shidan nan na fara gani. Ranar na tabbatar."

"Ka san abin da likita ya ce?"

"Ban tambaya ba. Bai faɗa min ba, ni ban tambaye shi ba. Ke ma da ba ki tambaya ba da kin fi samun barci." Ya ajiye robar ƙarshe ya ce, "Wasa biyu ne, baiwar Allah. Shi ya zaɓa, babban mutum ne."

Mutumin nan yana cin abinci a gidanmu. Ranar da aka binne Mama shi ya riƙe Auta.

Na koma sito na kunna injin wanki babu komai a ciki, don kada a ji ni.

Laraba, 21 ga wata, da magariba

Na faɗa wa Baba.

Alhamis, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Jiya bai ce komai ba sai, "Ki ce ya zo gobe kafin tirenin."

Ya zo. Baba yana kujerarsa a falo, rediyo a kashe. Auta ya gaishe shi ya tsugunna. Baba ya ce, "Tashi ka tsaya can bakin ƙofa. Kalli agogon bangon nan, kada ka ɗauke ido." Auta ya dube ni sau ɗaya. Ya tsaya.

Baba ya zaro makullansa daga aljihu ya jefa masa ta dama. Auta ya cafke ba tare da ya juya ba. Ya mayar. Baba ya tashi da sandarsa, ya taka a hankali zuwa ɗaya gefen, ya sake jefawa.

Suka bugi ƙirjinsa suka faɗi ƙasa. Hannunsa ko motsi bai yi ba.

Babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Na ji mai kayan miya yana wucewa a waje yana talla.

Auta ya ce, "Baba, wasa biyu ne."

Baba ya ce, "Ina zaune a bayanka ranar. Shida na ƙirga, biyar ta nan suka shiga. Na dawo gida na ce wa kaina tsufa ne, ban gani da kyau ba. Kwana goma sha tara ina faɗa wa kaina haka." Ya gyara riƙon sandarsa. Can ya ce, "Ni na koya maka in an buge ka ka tashi. Ban koya maka daidai ba."

"Kulob ɗin fa?"

"Kulob ɗin ba ni na haife shi ba."

Ya sa hula ya ce in tare masa mota zuwa ofishin Ciyaman. Auta ya wuce ta gabana ya fita. Kafaɗarsa ta goge ni, ban sani ba ko da gangan ne.

Juma'a, 23 ga wata, da rana

An cire sunansa. Sanarwar da aka manna ta ce "saboda wasu dalilai." Baba ya nemi a rubuta gaskiya, Sakatare ya ce in aka rubuta za a tambaye su me ya sa suka bar shi yana wasa. A gari an ce ai ga shi nan, kwamiti ya kama shi.

Na kira Auta a waya sau tara, bai ɗauka ba.

Asabar, 24 ga wata, ƙarfe shida da rabi, a cikin bas

Biyu da nema. Dogo ya yi amai sau biyu kafin a fita. Ta farkon ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. Koci yana gaba yana kallon hanya. Kujerar da ke kusa da ni babu wanda ya zauna.

Sun sani ni ce na faɗa.

Talata, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma, a asibiti

An yi aikin. Awa uku. Likita ya fito yana cire hula ya ce sun yi abin da za su iya, an makara sosai, sai an buɗe za a san iya ganin da ya dawo. Ya ce da wani bugun ya same shi a kai da ba wannan maganar muke yi ba. Matarsa ta zame ta zauna a ƙasa.

Na shiga. An rufe masa idon hagu da auduga da filasta. Ya ga Baba ya ce sannu. Ya ga matarsa ya riƙe mata hannu. Da ya gan ni sai ya rufe ɗayan.

Alhamis, 29 ga wata, da safe

Na kai masa kaya masu tsabta. Na ajiye a ƙasan gado na fito.

Asabar, 31 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Mun faɗi.

Fili ya cika kamar zamanin Baba, har kan katanga. Kyaftin ya ci da ka a minti na ashirin. Daga nan Dogo ya zama wani mutum, ban san daga ina ya fito ba. Ya tare da hannu, ya tare da ƙafa, ya tare ɗaya da fuska hancinsa ya fashe, aka toshe da auduga ya koma. Mutane suna kiran sunansa, shi kansa yana waige-waige yana neman wanda ake kira.

Saura minti biyu. Wata ƙwallo ce mai sanyi, daga nesa, ko yaro zai kama. Ta zo ƙirjinsa ta fita, wani ya sa ƙafa.

Ɗaya da ɗaya. Maki uku muke nema.

Na zaci za a yi jifa, za a ƙona wani abu. Ba a yi ba. Mutane suka zauna kawai. Wani tsoho da ban sani ba yana ta ninke tutarsa yana warwarewa. Dogo ya kwanta rub da ciki a raga, sai da Baba ya sauko da sandarsa ya taɓa shi ya tashi.

Na tattara riguna. Goma sha takwas. Na ƙirga sau uku, ban san me nake nema ba.

Da Auta ne da ya kama. Kowa ya sani. Ni ma na sani.

Lahadi, 1 ga sabon wata

Ban fita ba.

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo gida ya ce in raka shi asibiti, ba zai iya shiga shi kaɗai ba. Na ce ni ma ba a son ganina. Ya ce to mu je mu biyu a kore mu tare.

Auta yana kishingiɗe. A rediyon majinyacin da ke kusa ya ji wasan. Dogo ya tsaya a ƙarshen gado da kumburarren hanci, ya fara, "Gola, ka yafe min," sai kuka ya ci ƙarfinsa. Ni ina bakin ƙofa.

Auta ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya ce, "Yaya ka tsaya da ta zo?"

Dogo ya ce bai sani ba.

"Ka sani. Nuna min. Shiga tsakanin gadajen nan."

Dogo ya shiga tsakanin gadon Auta da na wani dattijo mai karyayyar ƙafa, ya buɗe hannuwa.

"Ka gani? Diddigenka a ƙasa. Gwiwar hannunka a buɗe kamar mai shanya. Matse su. Sunkuya. Ƙirji ba ya kamawa, hannu ke kamawa, ƙirji rufewa yake. Shekara bakwai kana kallona me kake kallo?"

"Ban zaci za a taɓa sa ni ba."

"To baɗi kai ne. Ko a filin makaranta za a buga, kai ne."

Dattijon ya gyara kwanciya yana kallo. Nas ta leƙo ta ce nan ba filin wasa ba ne, kuma an ce kada ya motsa kai. Auta ya ce minti ɗaya, Sista. Bai juyo ba, bai ɗaga murya ba, ya ce:

"Yaya, dunƙule tawul ɗin nan ki jefa masa. Da ƙarfi."

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon da ya kira ni.

Na dunƙule. Na jefa da duk ƙarfina.

Dogo ya kama. Wannan ya kama.